Bangon Zauren Kakanmu: Daga Makuba Zuwa Fentin Gwangwani

A bakansin da ya wuce gardama ta tashi a gidanmu a nan Matamaye, kuma a kan bango ta tashi. Yayana da ke ci-rani a Aljeriya ya aiko da kuɗin gyaran gida saboda bikinsa da aka sa. Saƙon da ya turo ta waya gajere ne: a shafe fuskar zaure da siminti, a bi ta da fenti ruwan bula, kada dangin amarya su zo su same mu cikin gidan laka kamar ba mu da kowa a waje. Kawu ya ce haka ya kamata. Baba ya yi shiru. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, ta ce muddin tana numfashi babu mai kai siminti jikin wannan bango.

Ni aka danƙa wa kuɗin, wai don ni ne ɗan lakkwal mai iya lissafi. Sai na samu kaina tsakanin wanda ya yi gumin kuɗin da wadda ta fi kowa daɗewa a gidan. Gaskiya da fari ina bayan Yaya, na ɗauki maganar Kaka rigimar tsufa ce kawai. Amma kafin in kashe ko dala na ce bari in tambaya: me mutanenmu ke shafa wa bango kafin zuwan siminti, yaushe abin ya canza, kuma me ya sa? Abin da na samo daga bakin tsofaffi da cikin littattafai shi na kawo muku, ƴan uwana ɗalibai, don na san ba gidanmu kaɗai ke wannan gardama ba.

Bari in fara kwatanta muku bangon. Marigayi kakanmu ya gina zauren da kuɗin gyaɗa. Launinsa ja ne mai duhu, kamar ƙwaryar da ta sha hannu. A bisa ƙofa akwai dagi, a dama takobi, a hagu keke mai ƙafa biyu da fitila. Duka da laka aka tayar da su, sun fito daga jikin bango har yaro na iya sa yatsa ya bi layinsu. A saman akwai zankwaye, guda ya karye tun ina ƙarami.

Abin da kakanni suka shafa

Ginin Bahaushe na asali da tubali ake yin shi, wannan curin laka mai kan tsini da ake busarwa a rana, a jera shi cikin kwaɓi. Bango irin wannan yana da kauri, yana riƙe sanyin dare ya sake shi da rana, shi ya sa zauren laka ke da daɗin zama a watan Afrilu lokacin da ɗakin kwano ya zama tanda. Abokin gabansa guda ne, ruwa. Ruwan damana na dukan fuskar bango, musamman ta gabas inda hadari ya fi tasowa, yana kuma cin gindinsa in ya kwanta. Duk dabarun shafe da magina suka ƙago amsa ce ga wannan matsala.

Na farko shi ne yaɓe. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa ko kashin dabbobi, a bar ta ta ruɓa kwanaki, sannan a yaɓa da hannu. Yaɓe ba ya dawwama, kuma ba a yi shi don ya dawwama ba. Riga ce da ruwa zai ci a madadin bangon, in ta tsufa a sake wata kafin damana.

Na biyu, wanda Kaka ta fi ji da shi, makuba. Kowa ya san ɗorawa: garinta mai ruwan ƙwai muke sha, ƙwayarta kalwa ake daddawa da ita. To ɓawon da ya rage shi ake tarawa, a jiƙa ko a dafa, ruwan ya fito ja mai duhu. Wannan ruwa in aka kwaɓa ƙasa da shi, ko aka yayyafa a kan yaɓe da daɓe, yana sa fuskar ta taurara ta rage shan ruwa. Launin bangon zaurenmu daga nan ya samo asali. Bagaruwa ma, wadda majema ke jima da ita, ana amfani da ruwanta kusan haka, har a danna ƙananan tsakuwa cikin shafen don ya jure dukan ruwa.

Na uku shi ne laso, simintin Hausawa. Ana ɗebo katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofin marina, a busar, a ƙona, a daka. A haɗa shi da gashin awaki da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da laso ake shafe cikin rijiyar rini kanta don kada ta tsiyaye, da shi ake shafe saman soraye da bakin indararo. Ku lura da abu guda: laso ba ya samuwa sai garin yana da marina, yana da majema, yana da daji. Sharar wata sana'a ita ce kayan aikin wata.

Sai cikin ɗaki, wanda aikin mata ne. Su ke daɓe da madaɓi suna waƙa, su ke shafa farar ƙasa in Salla ta gabato ko za a kawo amarya, wani lokaci a ɗiga bula a ciki don farin ya ƙara haske. Kaka ta ce ranar da za a kawo ta gidan nan, ƴan uwan mijinta mata kwana biyu suka yi suna shafe ɗakinta, ba a biya kowa ko tamma ba sai fura da goro.

Birni, sarauta da fatauci

Ado a fuskar gida kuwa abin birni ne, abin masu mulki da masu dukiya. Wanda ya taɓa yawo a unguwar Birni ta Damagaram ya ga abin da nake nufi: gidaje masu zane a ƙofa, da fadar Sarki, da guntayen ganuwar da Sarki Tanimun ya tayar, wanda ya yi mulki har zuwa 1884. A zamaninsa Damagaram mahaɗa ce ta ayarin da ke tafiya tsakanin Kano da Tarabulus ta Agadas. Inda fatauci ya zauna, nan gwanayen magina ke samun aiki, kuma ƙofar gida ta zama wurin da mutum ke nuna matsayinsa ba tare da ya buɗe baki ba.

Gini sana'a ce mai sarauta, akwai Sarkin Magina, ana gadonta daga uba zuwa ɗa. A Zariya har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Kada mu ɗauka abin ya tsaya a wancan ƙarni. A nan ƙasarmu, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama na jihar Tawa a 1962, da laka, kuma ginin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A 2006 aka sa tsohon birnin Damagaram cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta karɓa, Agadas kuma aka karɓe ta a 2013. Wato abin da Yaya ke jin kunyarsa, mutanen duniya jirgi suke hawa su zo kallo.

Gyaɗa, jirgin ƙasa da siminti

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai. Su ma da fari da laka suka yi yawancin gininsu, don ita ke akwai. Abin da ya buɗe ƙofar sabbin kaya shi ne layin dogo da ya iso Kano a 1911. Jirgin da ke sauka da gyaɗa zuwa teku shi ke hawowa da siminti, kwanon rufi da gwangwanayen fenti. Mu kuma nan ƙasar Kance da Magarya ƙasar gyaɗa ce, kuma hanyarmu ta Ɗan Barto da Daura ta fi kusa da Kano a kan Yamai nesa ba kusa ba. Har masana'antar matse man gyaɗa aka taɓa yi a Matamaye, kuma a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗar manoma.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kuɗin gyaɗa bai kashe zanen gida nan take ba, ƙara shi ma ya yi. Manomi da ɗan kasuwa suka samu abin biyan magini, abin da a da sai basarake ko babban attajiri. Zanen ma ya canza: kusa da dagi da takobi sai ga keke, agogo, mota, jirgin sama. Keken da ke jikin zaurenmu, Kaka ta ce shekarar da kakanmu ya sayi kekensa na farko a Kano ya sa aka zana. Ashe bangon ma littafin tarihi ne, yana gaya maka shekarar da gidan ya ga alheri. Wasu magina suka koyi yin zane a kan ɗanyen siminti, su karce shi da wuƙa kafin ya bushe, su bi da fenti kala-kala. Yawancin gidajen masu launi da muke gani yau muna ce musu na gargajiya, ƴaƴan wannan zamani ne na haɗuwar laka da kayan kanti.

Sannan abubuwa suka juya. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, gine-ginen gwamnati, lakkwal da asibiti duk suka koma bulo, sai idon mutane ya fara haɗa siminti da ci gaba, laka da talauci. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya arzikin da ke ciyar da magina. Atamfa da yadin kanti suka rage wa marina kasuwa, karofi ya bushe, katsi ya yi wuya. Itatuwan ɗorawa suka ragu a gonaki. Samari kuma, waɗanda su ne ƙarfin gayyar yaɓe, suka fara tafiya ci-rani, su dawo gab da shuka ko ma su shekara ba su dawo ba. Gidan da babu hannun da zai yi mishi yaɓe duk shekara, dole ya nemi abin da za a shafa sau ɗaya a huta. Daga nan samidir ya yaɗu, wato bangon laka da rigar siminti.

Saboda haka ban yarda da masu cewa mutanenmu sun watsar da al'ada don son kwaikwayon Nasara kawai ba. Akwai wannan, amma akwai lissafi a ciki. Yaya bai yi wauta ba. Shi da ya kamata ya hau tsani ya yi yaɓen yana can wata ƙasa, abin da zai iya aikowa kuɗi ne, kuma kuɗi siminti suke saye.

Inda siminti ke cin amanar laka

Wurin da na sauya ra'ayi shi ne bayan gidanmu. Shekarun baya Baba ya sa aka shafe katangar baya da siminti. Shekara uku ko huɗu tana nan sumul. Daga baya ta fara tsagewa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji tana amsawa kamar ganga. Wata damana da dare sai muka ji rugum, faifan siminti kamar faɗin tabarma ya ɓalle, ya tafi da rabin kaurin bangon. Abin da ke bayansa laka ce jiƙaƙƙiya mai wari, gara ta yi gida a ciki. Allah ya kiyaye babu wanda ke kwance a wurin.

Na je wurin wani tsohon magini a unguwarmu na tambaye shi dalili. Ya ce, “Yaro, laka numfashi take. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta ga rana ta amayar ta koma. Siminti kuwa ba ya tanƙwara. Ka aurar da su, ɗaya na motsi ɗaya na tsaye, dole su rabu.” Da na koma littafin kimiyya na ga maganarsa ce aka faɗa da wasu kalmomi. Kayan biyu ba sa buɗewa da tsukewa daidai in zafi da laima sun canza, don haka siminti ke tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Yana shiga ta tsaga ko ya hau daga ƙasa ta gindin bango, amma ba shi da hanyar fita, don rigar simintin ta toshe. Yaɓen laka in ya lalace ido na gani, a gyara. Samidir kuwa daga waje lafiya lau, ciki yana ruɓewa. Ganin kitse ake wa rogo.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a shekarun nan da ruwa ke sauka da ƙarfi. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya da na ambata ya rufta kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, a damanar da ta rusa dubban gidaje a faɗin ƙasa. Darasin da na ɗauka shi ne ginin laka, komai darajarsa, yana rayuwa ne da kulawa. Bayan wannan ambaliya gwamnati ta rage kuɗin siminti don mutane su sake gini. Alheri ne ga mai tayar da bulo tun daga tushe. Amma ina tsoron mutane da yawa za su sayi buhu biyu su lulluɓe tsohon bangon laka, su kwanta suna ganin sun tsira.

Fentin kansa

Da na shiga kasuwa tambayar farashi na gane fenti ma iri-iri ne, kuma mai shago ba zai tambaye ka irin bangonka ba. Akwai fentin mai, wanda ake sirkawa da kananzir ko fetur, mai sheƙi, yana yin fata a kan abin da aka shafa. Wurinsa ƙofar ƙarfe, taga, da ƙasan bangon siminti inda hannun yara ke taɓawa. A kan laka ko bango mai laima kumbura yake ya saɓule. Akwai fentin ruwa, na bangon siminti ciki da waje. Akwai tiroliyan da ake fesawa da ƴar na'urar hannu, shi ma siminti ne, hukuncinsu guda. Sai farar ƙasa ta ƙonannen dutse, wadda a lakkwal muka sani da chaux. Ita ce ta fi araha, tana barin bango ya yi numfashi, farinta na mayar da zafin rana, illa dai tana son a sabunta ta, kuma tana cin hannu da ido in ba a kiyaye ba.

Masu fentin da na zanta da su sun haɗu a kan abubuwa uku. Sabon shafen siminti a ba shi kamar wata guda ya bushe kafin fenti. Kada a yi fenti da tsakar rana ko ranar da hazo ya tashi, don zai bushe kafin ya kama, ƙura kuma ta manne. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a kasuwa. Wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja, ana sa musu dalma. In fentin ya tsufa ya zama gari, yara na haɗiya ta hannu da baki, kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta yadda ba ta gyaruwa. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978. Mu nan kusa mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka mutu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Duk mai sayen fentin ɗakin da jariri zai yi rarrafe, ya duba gwangwanin ko an rubuta babu dalma, in ya rasa ya tsaya ga fentin ruwa ko farar ƙasa. 

Abin da muka yanke

Na kira Yaya na ce mishi, “Yaya, kuɗinka ne, amma ka tuna katangar baya.” Ya yi shiru, sannan ya ce to me zan nuna wa surukai? Muka yi ta ja har katin wayata ya ƙare. A ƙarshe aka raba. Ɗakin amarya, wanda dama na bulo ne, aka yi mishi siminti da fentin ruwa, ƙofa da taga fentin mai ruwan bula yadda yake so. Zaure kuwa aka kira tsohon maginin nan.

Wahalar da muka sha ita ta nuna mini yadda sarƙar ta tsinke. Ɓawon ɗorawa sai da Inna ta aika ƙauyensu aka tattaro mana wurin masu daddawa. Laso kam ba a ma yi maganarsa ba, babu katsi. Tsohon ba ya iya hawa tsani, yana ƙasa da sanda yana nuni, ni da ƙannena da abokaina biyu muna sama muna yaɓe. Da muka zo kan keken ya ce kowa ya sauko, aka riƙe shi ya hau benci, ya gyara ƙafafun da yatsunsa. An gyara zankon da ya karye, an sa sabon indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango, aka tayar da dakali a gindin. In aka haɗa kuɗin, bai kai na siminti da fenti ba, amma ya ci mana kwana tara, kuma maginin ya gaya mana ƙiri-ƙiri bayan damana biyu ko uku sai an sake.

Yaya ya zo biki ya tsaya gaban zauren ya daɗe yana kallo. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Abin da ya tambaya shi ne, “In kai ma ka tafi jami'a, wa zai sake yaɓen?” Ban da amsa ranar, har yau kuma ina nemanta.

Tsohon maginin ba shi da magaji, ƴaƴansa ɗaya na kabu-kabu, ɗaya na buga bulo. Shi ya sa nake roƙon ƴan ƙungiyarmu, a bakansi mai zuwa kowa ya ɗauki kaye da waya ya shiga unguwarsu, a Matamaye ne, Kance ko ƙauye. A ɗauki hoton duk ƙofar da ke da zane, a tambayi wa ya gina, wace shekara, da me aka shafa. A zauna da tsofaffin magina da tsofaffin mata a rubuta awon makuba: ɓawo nawa, ruwa nawa, kwana nawa. Ni na fara, ina da shafi goma sha ɗaya daga bakin mutum guda, kuma duk mai so ya same ni bayan darasi ya kwafa.